Ɗanyar Motar Gudu Ko Motar Doguwar Tafiya: Wacce Za Ka Iya Zama Da Ita?

Idan aka miƙa wa mutum makullan motoci biyu, ɗaya ɗanyar motar gudu, ɗaya kuma irin wadda ake kira GT, aka ce ya zagaya da kowacce na minti goma ya dawo ya zaɓa, kusan kullum ta farkon zai nuna. Yana taɓa totur ta amsa, yana murɗa sitiyari hancinta ya juya, kukan inji na bayan ƙeyarsa, ya fito zuciya na bugawa. GT ɗin kuwa a minti goma ba ta nuna komai ba tukuna. Shiru, kujera mai laushi, giya na canza kanta ba ka ma sani ba. Sai mutum ya ce ai wannan ta dattawa ce. Halinta ba ya fitowa sai an shiga awa ta uku a kan hanya, lokacin da mai waccan ya fara neman inda zai tsaya ya miƙe baya. Abin da ke sa zaɓin nan wuya ke nan: ana gwada mota na minti goma, amma shekaru ake yi da ita.

Bari a fara bambance su, domin sunayen da kamfanoni ke liƙa wa motoci suna ruɗarwa. Ɗanyar motar gudu ita ce wadda aka raba da duk abin da ba ya taimaka wa tuƙi: kujera biyu, jiki ƙasa-ƙasa, sifirin mai tauri, abin tare ƙara kaɗan ko babu. Kakarsu ita ce Lotus Seven da Colin Chapman ya fitar a Ingila a 1957. Kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973, kuma har yau yana yin ta kusan a siffarta ta asali, ba ƙofar kirki, ba rufin kirki, gwiwar hannunka a waje. Daga nan sai Lotus Elise, wadda aka yi daga 1996 zuwa 2021, sai Porsche 911 GT3 da Cayman GT4 a ɓangaren masu tsada. Mazda MX-5 da Toyota GR86 su ne masu sanyin hali a dangin, amma jininsu ɗaya.

GT kuwa taƙaitawa ce ta gran turismo, wato babbar tafiya da Italiyanci. An ƙirƙiro ta ne don mutum biyu da kayansu su keta ƙasa da ƙasa a guje, su sauka ba su jigata ba. Masana tarihin mota sukan fara lissafi daga Lancia Aurelia B20 GT ta 1951. Bayanta aka yi su Aston Martin DB5 a 1963, da Jaguar XJ-S a 1975, da Porsche 928. A 'yan shekarun nan su ne Bentley Continental GT, Aston Martin DB12, Ferrari Roma, Maserati GranTurismo da Lexus LC 500. Siffarsu kusan ɗaya: babban inji a gaba, dogon hanci, ƙofa biyu, 'yan kujeru a baya. A kula da abu ɗaya: haruffan GT da ke jikin GT3 da GT4 na Porsche daga sunan rukunin tsere suka fito. Wanda ya sayi GT3 yana zaton ya sayi motar hutawa ya ɗauko ɗaya daga cikin mafiya zafin 'yan gidan.

Tushen bambancin, wanda duk sauran suka tsiro daga gare shi, shi ne nauyi. Caterham Seven 170 kilo 440 ce. Elise ta farko ba ta wuce kilo 730 ba. Ƙashin jikinta na alminiyom ne da aka haɗa da gam, nauyinsa kilo 68 kacal. MX-5 ta yanzu ta ɗan haura tan ɗaya, Alpine A110 wajen kilo 1,100, GT3 kuma kilo 1,400 da 'yan kai. Ka tsallaka ɗaya ɓangaren: LC 500 ta doshi tan biyu, Continental GT ta haura kilo 2,200. Sai an tara Caterham biyar kafin su yi nauyin Bentley guda.

Ba sakaci ne ya kawo wannan nauyi ba, kowane kilo akwai abin da ya saya. Gilashi mai ruɓi biyu da ke tare kukan iska, shimfiɗun tare ƙara a ƙasan mota da cikin ƙofofi, kujerun da ke cike da ƙananan injuna masu matsar da su da masu matsa maka baya, jakunkunan iska a madadin sifirin na ƙarfe, babban tanki. Matsalar ita ce nauyi na haihuwar nauyi. Ka ƙara kaya, sai a buƙaci babban inji ya ja su. Babban inji na son babban akwatin giya da babban lagireto. Su kuma suna son manyan birki. Manyan birki na son manyan wili. Chapman ya gina sunansa ne a kan juya wannan sarƙa baya. Ana danganta masa cewa ƙarin ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai yake ƙara maka gudu, ragin nauyi kuwa ko'ina.

Kuma akwai dalilin da ya sa maganar ta tsaya. Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi. Mota mai ninkin nauyi, ninkin zafi take zuba wa birkinta a gudu ɗaya. Idan gudun ne ya ninka, zafin sau huɗu yake ninkawa. Taya ita ma tana da nata hali: ka ninka nauyin da ke kanta, riƙonta zai ƙaru, amma ba zai kai ninki ba. Shi ya sa mota mai nauyi dole ta sa faffaɗar taya. Faffaɗar taya a ƙarƙashin babban inji ba ta murɗuwa da ƙarfin damtse, sai an sa na'ura ta taimaka wa sitiyari, kuma duk na'urar da ta shiga tsakanin tafin hannunka da kwalta sai ta ci wani abu daga labarin da taya ke aiko maka. Elise ba ta da wannan na'ura kwata-kwata. Idan tayar gaba ta fara zamewa, sitiyarin yakan yi sako-sako a hannunka tun kafin idonka ya ga komai. Idan kwalta ta canza daga santsi zuwa kaushi, a yatsunka za ka ji. Masu son irin waɗannan motoci wannan hirar suke saya, hira tsakanin hannu da taya, kuma gaskiyarsu ne da suke cewa babu kuɗin da zai sa mota mai tan biyu ta yi ta.

Masu ƙera GT sun yi nisa wajen ɓoye nauyi. Bentley na amfani da na'urar lantarki mai bolt 48 da ke murɗa sandunan ƙarƙashi don hana jiki kwantawa a kwana. Wasu suna sa tayoyin baya su ɗan juya, sai doguwar mota ta riƙa shan kwana kamar gajera. Abin yana aiki, har ya ba ka mamaki. Sai dai ɓoyewa ce, nauyin yana nan. Ka gangaro daga tsauni irin mashigar Stelvio a Italiya, wadda ɓangarenta na arewa ke da kwana 48 masu lanƙwasar ƙugiya, za ka ji warin birki ya fara shigowa, ka ji tayoyin gaba na kuka. Ƙaramar mota a wannan gangare ko gumi ba ta yi ba.

To amma kada a ɗauka ɗanyar mota ce ta fi gudu. A miƙaƙƙiyar hanya sau da yawa GT ce ke gaba. Continental GT mai injin W12 na lita 6, a zubinta na uku, tana da ƙarfin doki 635 kuma tana haura kilomita 330 cikin awa, alhali MX-5 ba ta yin nisa bayan 200. Inda suka rabu shi ne yadda ƙarfin ke zuwa, da yadda jiki ke jin sa. Injin Bentley ɗin mai turbo biyu yana ba da dukan ƙarfin murɗawarsa, Nm 900, tun yana juyi ƙasa da 1,500 a minti. Kana son wuce babbar mota, ka ɗan danna ƙafa, an wuce, wanda ke gefenka bai ma ɗaga kai daga wayarsa ba. Injin GT3 mai lita 4 ba shi da turbo. Ƙarfin murɗawarsa wajen rabin wancan ne, kuma ba ya cika sai juyi ya haura 6,000, yana ci gaba da hawa har 9,000. Dole ka sauke giya, dole ka bar shi ya yi kuka. Ɗaya yana yi maka aiki, ɗayan yana sa ka aiki, kuma ladan yana cikin aikin.

A nan ne nake ganin mutane da yawa ke yin kuskure mai tsada. Suna ganin idan za a sayi ɗanyar mota to a sayi mafi ƙarfi. Amma ka duba Cayman GT4 mai giyar hannu: giya ta biyu kaɗai tana kai ta sama da kilomita 130 cikin awa, wato ta riga ta kai ko ta wuce iyakar gudun manyan titunan yawancin ƙasashe. A kan titin jama'a, daɗin injin da ka biya yana can inda doka da hankali suka hana ka zuwa. Irin waɗannan motoci filin tsere suke nema, irin su Nürburgring na Jamus mai tsawon kusan kilomita 21, ko wani ƙaramin fili da ake buɗe wa masu motoci lokaci-lokaci. In babu irinsa inda za ka iya zuwa a kai a kai, to kashi kaɗan na motar za ka taɓa sani. MX-5 ko GR86 kuwa, da siraran tayoyinsu da injin da bai fi ƙarfin mutum ba, suna ba ka duk abin da suke da shi a gudun da ba zai kai ka kotu ko asibiti ba. Ba banza ba MX-5, da ta fito a 1989, ta cika miliyan ɗaya a 2016. GT ma tana da nata haɗarin, ta ɗaya gefen: shirunta na yaudara, kana 160 jikinka na ce maka 90 kake, alhali tazarar da za ka buƙata ka tsaya ba ta san da shirun ba.

Yanzu a koma awa ta uku. Abin da ke gajiyar da mutum a doguwar tafiya ba taurin kujera ne kan gaba ba, ƙara ce. Masu kula da lafiyar ma'aikata sun sa desibel 85 a matsayin inda ƙara ta fara zama barazana ga kunne idan aka yini a cikinta, kuma kowane ƙarin desibel 3 ninka ƙarfin sautin yake. A buɗaɗɗiyar mota irin Caterham, iska kaɗai ta isa ta sa masu ita su riƙa toshe kunne ko su sa hular kwano. A rufaffu irin GT3 kuma ba injin ba ne ya fi damu, rugugin faffaɗan tayoyin baya ne da tsakuwa mai bugun ƙasan mota, domin an rage abin da zai tare su. Kukan da ya sa ka murmushi da safe, in ya yini a kunnenka a juyi ɗaya, ciwon kai yake komawa. Ga kuma tsalle: tsakanin tayar gaba da ta baya a Elise mita 2.3 ne, a Continental GT kuwa mita 2.85. Gajeriyar mota mai taurin sifirin tana bin kowane tudu da kwari na hanya, kai kuma kana binta. Hannunka bai huta ba, domin sitiyarin da ke ba ka labarin komai yana kuma neman gyara kowane lokaci. Ga zafin inji da akwatin giya da ke ratso jikin mota. Jiki magayi.

Shiga da fita ma abin dubawa ne, kuma ba a cika faɗa ba. Bakin ƙofar Elise faffaɗa ne kuma yana da tudu. Idan rufin na ɗaure, sai ka zura ƙafa ɗaya, ka naɗe jiki, ka zame ciki. Kujerun tsere masu ƙafaffen baya da ake sa wa wasu Porsche suna riƙe mutum ƙam a kwana, amma ba sa kwantawa ko kaɗan. Mai ciwon baya ko gwiwa, ko mai jiki, ya gwada shiga da fita sau biyar a jere kafin ya yi maganar kuɗi.

Sannan akwai wanda zai zauna a gefenka. Duk daɗin ɗanyar mota na direba ne. Shi ke jin sitiyari, shi ya san lokacin da zai taka birki, jikinsa ya shirya. Na gefe ba abin da ya samu sai jijjiga da ƙara da zafi, ba a ko jin magana. Mota da yawa irin wannan sun koma kasuwa ba don mai su ya gaji da su ba, sai don maiɗakinsa ta shiga sau biyu ta ce ta yafe. Idan akwai wanda kake son ya riƙa raka ka, to ra'ayinsa rabin hukuncin ne, kuma ya kamata a ji shi kafin saye.

Kada kuma a ɗauka GT motar iyali ce. Kujerun bayan DB12 da Roma da LC 500 na yara ƙanana ne, ko na jaka. Maserati GranTurismo da Bentley ne ke iya ɗaukar babba a baya, shi ma ba na yini guda ba. But ɗin ma yakan ba da mamaki: na LC 500 bai kai lita 200 ba, na Continental GT mai fetur zalla lita 358 ne, alhali Cayman, da yake injinta a tsakiya yake, tana da but biyu, gaba da baya, da suka haura lita 400 in an haɗa. MX-5 lita 130 ce, jaka biyu masu laushi ke nan. Inda GT ta yi zarra shi ne tanki: lita 90 a Bentley mai fetur zalla, ninki biyu na MX-5. Amma da yake shan manta ma ya kusa ninki, tazarar da ke tsakanin gidan mai da gidan mai ba ta bambanta yadda mutum zai zata ba.

Hanyar da kake bi kullum tana da bakin magana fiye da kowane adadi da na kawo. Motar da haɓarta ke dab da ƙasa, kowane tudun rage gudu da kowace gangarar shiga gida abin fargaba ne. Shi ya sa ake sayar da na'urar ɗaga hanci, kuma wanda ya sayi GT3 ba tare da ita ba zai yi ta jin ƙarar gurzuwa. Tayoyin rabin-tsere irin Michelin Pilot Sport Cup 2 suna kama busasshiyar kwalta kamar an liƙa su, amma zanensu ba zurfi, idan ruwa ya kwanta a hanya sai a yi hattara ƙwarai. GT mai jakar iska tana iya ɗaga kanta, wasu kuma tayoyi huɗu ke ja, ruwan sama bai dame su ba. Sai dai ita ma ba ta tsira daga gargada ba: wili mai inci 21 ko 22 da siririyar taya, ga tan biyu a kai, rami ɗaya ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa wili, kuma akasarinsu ba su da safaya. Ga faɗi. Continental GT ta kusa mita biyu ban da madubai, Elise kuwa mita 1.7. A matsattsiyar hanya mai kwana, wannan tazarar ita ce bambancin wanda ke wasa da wanda ke addu'ar kada wata mota ta ɓullo.

Maganar kariya gajeriya ce. Caterham ba ta da jakar iska ta hatsari, ba ta da na'urar hana birki ƙamewa, ba ta da mai gyara maka idan baya ya zame. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Porsche da Mazda da Toyota na zamani suna da duk waɗannan, amma idan ƙaramar mota ta haɗu da babba, ƙaramar ce ke shan mafi yawan bugun.

Kuɗi kuma ta hanya biyu suke fita, kuma kowace mota ta zaɓi tata. GT sabuwa tana zubar da daraja da sauri. Shekara biyar ko shida sai ka ga ana sayar da ita a kan wani ɓangare na kuɗinta na asali. A nan tarkon yake. Farashin mota ya faɗi, amma na kayan gyaranta bai faɗi ba. Jakunkunan iska suna tsufa su fara yoyo, na'urorin lantarki da yawa ne kuma kowacce na da ranarta, babban inji an cusa shi a matsattsen wuri har wani ƙaramin gyara sai an sauke shi gaba ɗaya. Taya huɗu da birki na mota mai tan biyu ba sa jimawa. Araha ba ta ado. Tsohuwar GT da ba ta da cikakken tarihin gyara, barin ta ya fi. Ƙananan motocin gudu kuwa abin da suke ci kaɗan ne: taya ƙarama, birki ƙarami, injuna kuma sau da yawa na gama-gari ne, domin Elise ta baya da injin Toyota take, Caterham da na Ford da Suzuki, Alpine da na Renault, bakanike ba zai tsaya yana kallonsu ba. Waɗanda aka yi kaɗan, irin GT3, sukan riƙe darajarsu sosai. Nasu kuɗin a wani wuri yake fita: ranar filin tsere tana cin taya da birki da baƙin mai, ƙashin alminiyom da aka manne da gam in ya lanƙwashe da wuya ya gyaru, gaban Elise kuma ɓawo ɗaya ne, ƙaramin karo sai a canza shi dukansa.

Akwai wani labari a tarihin Porsche da ke yawan dawo mini a kan wannan batu. A shekarun 1970 shugabannin kamfanin sun ɗauka 911 ta kusa ƙarewa: ƙara, zafin hali, inji a can baya. Suka ƙera 928, cikakkiyar GT mai injin V8 a gaba, ta fito a 1977, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1978, da niyyar ta gaji 911. Masu saye suka ƙi sakin 911. An daina 928 a 1995, 911 kuwa ta cika miliyan ɗaya a 2017. Masu son ɗanyar mota sukan tsaya a nan su ce kun gani. Amma labarin bai ƙare ba. 911 ɗin da ta tsira ta yi ta girma, ta koma sanyaya inji da ruwa a ƙarshen shekarun 1990, ta yi shiru, ta yi laushi, har ta zama rabin abin da 928 ta so zama. Sai da kamfanin ya ware GT3 a 1999 don waɗanda ke neman tsohon zafin. Abin da na fahimta shi ne mutane na son siffa da sunan ɗanyar mota, amma idan aka zo zaman yau da gobe, hutun suke biya.

Wannan ya kawo mu ga na tsakiya, domin tabbas wani zai ce me zai hana a haɗa biyun. Ana iya kusanta. 911 Carrera tana tafiyar yini guda ba wahala, kuma tana shan kwana da gaske. Roma ta fi yawancin GT kaifi. Wadda ta fi burge ni ita ce Alpine A110, domin ta bi ta hanyar da ta dace: da yake ba ta da nauyi, ba ta buƙatar sifirin mai tauri, sai ta zama tana shanye gargada kuma tana rawa a kwana, abin da ta rasa shi ne wurin kaya da giyar hannu. Amma a yi hattara da abu biyu. GT3 Touring sunanta kawai ke nuna tafiya, fiffiken baya aka cire, ƙarƙashinta na GT3 ne. Maɓallin da ke canza halin mota kuma yana taurara shokozoba, ya buɗe salansa, ya sa giya ta jinkirta canzawa, amma bai rage ko kilo ɗaya ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Ta tsakiya tana ba ka kaso mai kyau na kowanne, ba ta ba ka ƙarshen ko ɗaya.

Ga inda na tsaya. Idan wannan ce za ta zama motarka tilo, ko kuwa yawancin tafiyarka doguwa ce a babban titi, ko akwai wanda zai riƙa zama a gefenka, ɗauki GT ko ɗaya daga cikin na tsakiyar, kuma kada ka ji kamar ka ja da baya. Keta ɗaruruwan kilomita cikin nutsuwa, babban inji na numfashi a hankali, ka sauka da sauran ƙarfinka, daɗi ne na gaske mai zaman kansa. Idan kuwa kana da wata motar ta hidimar yau da kullum, kuma wannan ta fita ce don tuƙin kansa, awa ɗaya ko biyu da sassafe a hanyar da ka sani, to GT za ta bar ka da ƙishi. Za ka yi ta ƙara gudu kana neman abin da aka ƙera ta don ta ɓoye maka. A nan ɗanyar ce, kuma zan ce ka fara da mara nauyi kafin mai ƙarfi. Masu ƙarfin doki 500 ka bar su sai ka tabbata kana da filin da za ka sake su, da kuɗin tayar da za su ci.

Kafin ka sa hannu, buɗe tarihin tafiye-tafiyenka na shekarar da ta wuce, wanda ka yi da gaske, ka ƙirga sau nawa ka fita don tuƙi kawai, sau nawa kuma don ka isa wani wuri. Sannan ka nemi kowace motar ta yini guda, ko haya ce. Ɗauki mutumin da zai riƙa raka ka, da jakunkunan da kuka saba tafiya da su. Bi mafi munin hanyar da kake bi a mako, ka shiga cunkoso da ita, ka gwada ƙofar gidanka da inda kake ajiye mota. Kashe rediyo ka yi awa biyu a babban titi ba tsayawa, kuna hira da muryar da kuka saba. In kun tsaya, ka bar na gefen ya fara fita, ka kalli yadda ya miƙe.